Randar da Ta Yi Shiru

Rana ba ta gama fitowa ba Ayuo ta durƙusa gaban randar, ta manna mata kunne kamar yadda take sauraron cikin masu juna biyu a asibitin da take aiki a Kumasi. Shiru. Ta kwance ledar da ta ɗaure bakin da ita tamau jiya da yamma, ta leƙa. Ruwan tsiron dawa yana nan kwance, jajir, ba abin da ta gani a ciki sai fuskarta. Ba kumfa, ba 'yar ƙarar nan ta tafasa ba wuta, wadda ta saba ji tun tana goye a bayan mahaifiyarta.

Ga shi yau ce gayyar mahaifinta. Maza ashirin da biyu za su shiga gonar Baba Dery da fartanya, kuma a garin nan ba a sallamar 'yan gayya da godiyar baki, pito ake ba su, wato giyar dawa. Shekara talatin ana rububin gayyar gidan nan saboda piton Yuora, mahaifiyar Ayuo. Wata uku ke nan da binne Yuora. Da matan unguwa suka ce bana za su dafa wa tsohon, Ayuo miƙewa ta yi a gaban kowa ta ce, "A gidan Yuora wata za ta hura wuta, ina numfashi?" Ta ɗauki hutu, ta hawo mota.

Kuma ta yi aiki, wannan ko maƙiyi ya shaida. Ta jiƙa dawa, ta baza ta har ta yi tsiro, ta shanya, ta kai inji, ta tsaya kan murhu kwana biyu hayaƙi yana cin idonta, ta tace, ta sake dafawa. Sai ta duba babbar randar da ake zuba dahuwa ta tashi, ta ga cikinta ya yi baƙi, ya yi ɓawo. Zuciyar ungozoma ta ƙi. Ta sa sabulu da soso da tafasasshen ruwa ta dirje ta tas. Da yamma hadari ya haɗo, ta yi maza ta juye ruwan tsiron yana tururi, ta ɗauko ƙullin iri daga rufin ɗaki, wato busasshiyar kumfar giyar ƙarshe da Yuora ta dafa, wadda ita ke tayar da sabuwar dahuwa. Daga kakarta irin ya fito, tun daga tsallaken kogi, ana dafawa ana kwasa ana shanyawa, bai taɓa yankewa ba. Ta zazzage shi duka, wai don ya yi ƙarfi.

"Ta tashi?"

Baba Dery ne a bayanta, fartanya a kafaɗa.

"Tana hanya, Baba."

Tsohon ya ɗan karkata kai yana saurare. Mutumin da ya shekara talatin yana farkawa da ƙarar randa ba a yi masa wannan ƙaryar. Ya gyara fartanyarsa.

"Na ji an ce Pognaa ta dafa jiya," ya ce, ya fita.

Pognaa. Duk matan garin a rasa wadda za a ambata sai ita. Rumfarta ce ke jingine da ta Yuora a kasuwar Nandom, shekara da shekaru suna ƙwace wa juna mashaya, suna jifan juna da baƙar magana. Kuma a garinsu iri ba a sayensa, ba a aika wani. Wadda randarta ta mutu ita ke ɗaukar ƙwarya wayam ta tafi roƙo da ƙafarta, duk wanda ya gan ta ya san abin da ya faru. Ana cewa Yuora ba ta taɓa yin wannan tafiyar ba.

Ayuo ta ɗauki ƙwaryar. Ta fara cusa ta ƙarƙashin zane, sai ta tsaya a bakin ƙofa, ta ji kunyar kanta ta fi ta mutane zafi. Ta fito da ita, ta ɗora a tafin hannu, ta ɗaga ta daidai kafaɗa.

Mata sun cika bakin famfo.

"Likita, ina zuwa da ƙwarya da sassafe? Ko allura ce a ciki?"

"Randata ce ta mutu," in ji Ayuo, ba ta rage tafiya ba. "Ni na kashe ta."

Dariyar da suka shirya ta maƙale musu.

Ta tarar da Pognaa zaune tsakanin randuna uku da ke ta tumbatsa da farar kumfa. Tsohuwar ta dubi ƙwaryar, ta dubi mai ƙwaryar, ta ci gaba da tauna asuwakinta.

"'Yar Yuora da ƙwarya a ƙofata. Ashe zan ga wannan kafin in mutu."

"Kin gani, Goggo. Ki ba ni, ko ki ce babu, rana na yi."

"Ji baki, na uwarta sak. Ba na ba da irina a je a kashe mini. Wuce mu je in ga gawar."

Ta kamfato kumfa da gindin giya mai kauri, ta cika ƙwaryar, ta riƙe abinta da kanta har gidan Dery. Can ta tsoma yatsa a ruwan tsiron ta lasa.

"Wa ya dafa miki?"

"Ni."

"Hm. Tsamin ya yi daidai, zaƙin bai gudu ba." Kamar ana zare mata haƙori ta faɗa. Sai ta sunkuya ta shinshina randar, ta ɗago tana yatsina. "Sabulu. Ke wannan baƙin da kika kankare datti kika ɗauka? Dakarun uwarki masu tayar da giya ne ke kwana a ciki. To da kika zuba irin, yaya zafin ruwan?"

"Da ɗan tururi."

"Da ɗan tururi. Ke da aka ce jarirai kike wa wanka, za ki tsoma ɗan mutane a ciki?"

Ayuo ta sani, a littafi ma ta karanta cewa irin nan rai gare shi. Ba ta taɓa haɗa wannan da wancan ba.

"Kuma kika shaƙe ta da leda. Da ta tashi ma da randar ta tarwatse miki a fuska. Ɗauko mini waccan ta lungu, wadda tsaftarki ba ta kai gare ta ba."

Suka ɗauraye tsohuwar randar da ruwa zalla, suka ɗan ɗumama ruwan tsiron. Pognaa ta kama hannun Ayuo ta tsoma mata gwiwar hannu a ciki. Ɗumi ne irin na jikin mutum. Ta miƙa mata ƙwaryar ta ce ta zuba da hannunta, ta ɗora faifai sama-sama, ta ce in ta kuskura ta buɗe kafin la'asar sai ta karya mata yatsu.

Nan ne hawayen da Ayuo ta riƙe tun bakin famfo suka ƙwace.

"Giya za ta yi, Goggo, na sani. Amma ba ta Inna ba ce. Abin da ya rayu tun daga kakata, ni na dafa shi a yamma ɗaya."

Pognaa ta tofar da asuwaki. Ta daɗe tana gyara ɗaurin zanenta.

"Shekarar da aka haife ki, randunana suka mutu duka, ana jibi bikin ƙanena. Na zauna ina kallon ƙwarya, na kasa ɗauka. Sai ga uwarki da tsakar rana, tana goye da ke, wai ta zo aron muciya. Ta ajiye mini wani abu bayan murhu, ta zage ni a kan hayaƙina, ta tafi. Har ta mutu ba ta faɗa wa kowa ba." Ta nuna randar da haɓa. "Tun ranar ban sake iri ba. Kayanku ne na dawo muku da shi. In kika faɗa a kasuwa, ƙaryata ki zan yi."

Yinin nan Ayuo ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miya, ta zagaya randar ya fi sau ashirin, hannunta a baya. Rana ta karkata, inuwar kaɗanya ta kai bakin rumbu, sai ta ji. Can ƙasa-ƙasa, kamar yayyafi a kan ganye. Ta durƙusa, ba ta ko taɓa faifan ba, farar kumfa da kanta ta turo shi ta leƙo.

'Yan gayya suka shigo jiƙe da gumi, suka zube a gindin kaɗanya. Ƙoƙon farko na mai gida ne. Baba Dery ya ɗan zuba a ƙasa, ya kurɓa, ya riƙe a baki. Wani daga baya ya ɗanɗana nasa ya ce, "Wannan ai da sauran zaƙi, Likita, na masu jego kika yi mana?"

"Yarinya ce, yau aka haife ta," in ji Ayuo. "In ba ka so, miƙo."

Bai miƙo ba. Baba Dery ya haɗiye, ya goge ido da bayan hannu kamar gumi ne, ya miƙa wa 'yarsa ƙoƙon.

"Ƙara mini," ya ce. "Mutuniyar ta dawo gida."

Ta ƙara masa. Amma kafin ta zuba wa kowa na biyu, sai da ta yaɗe kumfar saman randar a ƙwarya mai kyau, ta kai ta ɗaki, don gobe ta shanya.