Ƙusa Biyu, Lamba Ɗaya

Ƙusar ƙugiyar injin ɗaga kaya ce ta karye, farantin ƙarfe ya sauko a kan ƙafar wani ma'aikaci, Gunadi. Kafin la'asar likita ya yanke ta daga gwiwa.

Pak Darsono, mai kula da sito, ya dawo daga asibiti da jini a riga, ya tarar ana nemansa a ofis. Shi ya miƙa wa Gunadi ƙusar da safe, har yana tsokanarsa wai tumbinsa ya fi farantin nauyi.

Koh Aliong, mai masana'antar, da kansa ya tsara yadda ake ba zane da kaya lamba, kuma duk tsibirin Batam ba wanda bai yi wa tinƙaho da tsarin ba. Farkon lamba na nuna mai oda, tsakiya irin kayan, ƙarshe kauri. Irin ƙarfe ba shi da gurbi. Da nauyin aiki ya ƙaru aka koma ƙera ƙusar da ƙarfe mai tauri, Mbak Wulandari mai zane ta ce a ba ta sabuwar lamba, lambobi su riƙa bin juna kawai.

"Lambar da ba ta gaya mini komai?" in ji Koh. "Tikitin caca nake sayarwa, Mbak?"

Sai aka ƙara harafi ɗaya a gefen zane, ita kuwa ƙusa aka buga mata tsohuwar lamba. A sito doka ɗaya ce: lamba ɗaya, akwati ɗaya. Darsono ya juye sababbi a kan tsofaffi. Wadda ta karye tsohuwa ce.

"Ka tsufa a sito, Pak, ba ka gane ƙarfe?" Koh ya tambaye shi yanzu.

"Ido ba ya rabewa, Koh. Lamba na bi."

"Gobe jami'an ƙwadago za su zo. In suka rufe nan, har Gunadi ba mai biya masa magani. Lamba kuma ba ta sa hannu a takarda."

Darsono ya dubi Wulandari. Ta kafa wa kwamfutarta ido, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ya sa hannu cewa sakacinsa ne, aka sallame shi.

Wata bai ƙare ba aka sauya lambobin duka, shiru, yadda Wulandari ta ce. Darsono ya zaga masana'antun tsibirin neman aiki. Ko'ina labari ya riga shi: tsohon da ya cakuɗa ƙusoshi. Matar Gunadi, in ta hango shi a kasuwa, sauya hanya take yi.