Ɗaki Kusa da Baba Direba

Yaya ya riga ya naɗe katifar ya saɓa a kafaɗa lokacin da ƙanwarsa ta tare ƙofar ɗakin da jikinta.

"Ajiye min katifata, Yaya."

Ya tsaya yana kallonta kamar ta zage shi. Shi ne ya yi ta zarya a makaranta har takalminsa ya suɗe kafin a samo mata gado a hostel ɗin ɗalibai da ke jikin asibitin koyarwa, inda ruwa ba ya yankewa, wuta ba ta ɗaukewa. An ce in ba ta shiga yau ba, gobe wata ce za ta kwana a kai. Ga shekarar ƙarshe ta karatun likita, ga jarrabawa na ƙaratowa. Nan kuwa gidan haya ne mai famfo ɗaya da layin bokitai, sai ta sauya mota a hanya kafin ta isa asibiti, kullum a makare, kullum cikin faɗan malamai.

Duk ta san wannan. Amma a bayan bangonta Baba Direba ke kwance, tsohon direban babbar mota, zuciya ta gaza, ƙafafu sun kumbura suntum. Shi ya laƙaba mata "Likita" tun tana aji ɗaya, sunan ya bi ta a gidan. Kwanciyarsa ta ƙarshe a asibitin koyarwa, hularsa ya ɗauka ya fito da ƙafarsa. Ya ce ya gaji da ɗalibai su yi masa zobe, kowa ya danna masa ciki, babban likita yana bayani a kansa kamar ba ya wurin. Ya rantse ba zai koma ba, kuma tsohon in ya kafe ya kafe. Ita kaɗai yake miƙa wa hannu ta auna, a hannunta kaɗai yake karɓar magani, don matarsa Inna ba ta bambance ƙwayar safe da ta yamma.

"Ke fa ba ki zama likita ba tukuna," in ji Yaya. "In ya mutu a hannunki fa?"

"A hannuna ko ba a hannuna ba, tafiya zai yi. Ya sani, na sani. Ba zan bar Inna ita kaɗai da shi ba."

Yaya ya yar da katifar, ya ce in ta faɗi jarrabawa kada ta kuskura ta neme shi, ya fice. Bangon gidan haya ba ya riƙe sirri, don haka ko ƙarar motarsa ba ta ɓace ba Baba ya kira ta.

"Bi yayanki, Likita. Motar da injinta ya buga ba a zaman gadinta."

"Kai da ka ƙi jin maganar manyan likitoci, ni ce zan ji taka?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, sai da ta tallafe shi ya zauna.

Gadon hostel ya tafi. Malamai suka ci gaba da faɗa, ƙawaye suka ce ta yi wauta. Ko kusa ba ta yi nadama ba, haushinsu kawai take ji.

Wata rana da hantsi, ta rataya jaka ke nan, Inna ta kira ta a hankali. Numfashin Baba ya sauya, yana ja yana tsayawa, irin wanda ta sha karantawa a littafi ba ta taɓa zama a gabansa ba. Tsoro ya kama ta sosai, amma ta ajiye jakar. Ta jingina shi da matashi, ta jiƙa masa leɓe, ita da Inna kowa ta riƙe hannu ɗaya. Ya buɗe ido da ƙyar ya tambaye ta ko ba ta makara ba.

"Na makara, Baba. Su jira."

Kafin azahar ya cika. Ta daɗe da kunne a ƙirjinsa, fiye da yadda aka koya mata, sannan ta shafe masa idanu.

Yaya ya zo gaisuwa. Da zai tafi ya ce, murya ƙasa-ƙasa, yanzu dai ba abin da ya riƙe ta, zai sake nema mata gado. Ta gode masa, ta ce ya bar shi.

Washegari da safe tana bakin ƙofa da littafi a gwiwa, Inna ta fito riƙe da kofin shayi biyu kamar yadda ta saba. Ta yi tsaye a tsakar gida tana kallon na biyun. Likita ta rufe littafin, ta miƙa hannu ta karɓa, ta matsa mata wuri a kan benci.