Sahu Babu Liman

A ofishin wata ƙungiyar manoman rani da ke Talata Mafara akwai ɗan ɗakin da ba mai zama cikinsa sai na'ura. Saba ake ce mata, uwar kwamfutocin ofishin, baƙar akwati mai tsayin buhun gero. A cikinta jadawalin ruwan da ke zuwa daga madatsar Bakolori yake: wane layi za a buɗe wa, wace rana, awa nawa. Malam Jibo ke riƙe da makullin ɗakin, shekara shida ke nan. Yakan yi shara, wani lokaci kuma ya tsaya kawai yana sauraron hucinta, yana mamakin yadda mutum dubu biyu da gonakinsu suka shige akwati ɗaya ba a taɓa jin faɗansu ba.

Ran Asabar da safe saba ta ƙi tashi. In an kunna sai ta yi ta kuka tit-tit, jar wuta ta kama a goshinta, shi ke nan. Masu albasa daga Bakura suka yi ta zuwa suna komawa ba jadawali. Ciyaman, Alhaji Lukman, bai ɓata lokaci ba ya yanke cewa Zaharaddini mai sola, wanda ya canza batura a makon, shi ya saki wuta ta ƙona ta. Ya aika masa kada ya ƙara taka ofishin. Kafin Litinin zancen ya zagaye kasuwa, har masu shaguna biyu sun fasa ba shi aiki.

Malam Jibo na ji, bakinsa a rufe. Don ran Juma'a da hantsi, kafin saba ta tsaya, ya ji wani zuuu cikin akwatin wanda ba nata ba ne. Ya kashe ta, ya kwance murfi, ya tarar zanzaro ya gina ɗakin laka a gindin wasu ƴan alluna huɗu koraye masu kama da mataji. Ya zare su a hankali, ya ɓamɓare lakar. Da ya zo mayarwa sai ya tuna a warwatse ya same su, da gurbi tsakanin kowanne. Abin bai yi masa kyau ba. Ya koma gefen dama ya jera su kafaɗa da kafaɗa, ya rufe, ya tafi masallaci yana jin ya yi gyara.

Ran Talata aka ɗauko Murja daga Maradun, ita ce mai gyaran irin waɗannan na'urori a yankin. Bayan an gama doguwar gaisuwa ta fara da wuta, ta auna ta ce lafiya lau take. Ta kunna saba ta ƙirga kukan, ta ce wannan kukan memori ne, wato waɗancan alluna da na'ura ke riƙe aikinta a kai. Da ta buɗe murfi sai ta ɗan tsaya, ta dubi ciki, ta dubi mutanen ɗakin.

Ta zare su duka. Ta sa guda ɗaya a farin gurbi na farko, gefen hagu, saba ta tashi. Ta kashe, ta cire, ta gwada na biyu a wuri guda, haka har na huɗu. Kowanne ya amsa. Malam Jibo na riƙe mata tocila.

Ta yi wa Ciyaman bayani cewa ba abin da ya ƙone, wurin zama aka ɓata. Babban allon da ake dasa su a kai an yi shi da mazaunin ƙwaƙwalwa biyu, amma ɗaya kaɗai aka sa, ta hagu. Guraben dama na mazaunin da ke fanko ne, duk abin da aka sa can ba mai kula shi. Ko a hagun ma ba a jere ake sa su ba, sai an fara cika farare kafin a taɓa baƙaƙe, don kowanne ya samu hanyarsa shi kaɗai.

Ciyaman ya ce to ai magana ta fito, wa ke yawo da sukundireba a ofishin nan in ba Zaharaddini ba.

Murja ta ce ita na'ura ta sani, ba ta san hannu ba. Ta ci gaba da danna allunan har maƙalansu na cewa ƙas.

Malam Jibo ya kashe tocilar. "Ɗiyata, wanga gefen dama, kenan sahu na tsayar babu liman?"

"Haka ne, Baba. Kuma su ba a ce musu su matso."

Ya juya ga Ciyaman ya faɗi komai, tun daga zanzaro. Ya ce shi tun yana yaro, in ya ga gurbi a sahu sai ya cike, bai san akwai inda ake barinsa da gangan ba.

"Kuskure ba komi ba ne, Jibo," in ji Ciyaman. "Kwana ukku da kay yi kana kallona ina ɓata yaron mutane, shi na laifin, ka ji."

Ya miƙa hannu. Malam Jibo ya kwance makullin daga igiyar carbinsa ya ba shi.

Firinta ta fara fitar da jadawali, mutanen Bakura suka taso daga inuwa. Ciyaman ya ɗauki waya zai kira Zaharaddini, Malam Jibo ya roƙe shi ya bari. Ya ce a kasuwa aka ji zancen, a waya kuwa mutum biyu kaɗai za su ji gyaransa. Malam Jibo ya sa takalmansa ya nufi layin masu kayan lantarki wurin Zaharaddini, lokacin kasuwa ta cika.