Kalmomin da Suka Rage wa Malama Obiageli

"Jaki," in ji Malama Obiageli, ta rubuta shi a allo. "Wa ya san ɗan'uwansa?"

"Baki," yaran suka amsa.

"Sai wa?"

"Taki. Ɗaki."

Ina zaune a kan keken ɗinkina a ƙofar ɗakina, ina jin su kamar kullum bayan la'asar. Ta ɗaga hannu za ta rubuta ɗaki, sai allin ya ja wani dogon layi ya gangaro har ƙasan allon. Ta tsaya tana kallon hannun kamar ba nata ba. Yaran suka yi dariya, sun zaci wasa take yi. Ni kuwa na ga gefen bakinta ya karkace. Kafin in ture keken in taso, ta sulale a jikin bango ta zauna a ƙasa.

Gidan haya ne a Sabon Gari. Daga Fagge muka taso muka dawo cikinsa, ni da mijina Baffa mai tsaron shago a Kantin Kwari, kuma ita muka tarar a ɗakin da ke kallon namu. A Kano aka haife ta. Ta koyar a firamare har ta yi ritaya, mijinta ya daɗe da rasuwa. Benci ta sa a tsakar gida ta rataye allo, yaran layin suna zuwa, Hausawa da Ibo da Yarbawa, tana koya musu rubutu.

Ba ta sa yaro ya haddace kalma ita kaɗai. "Kalma ba marainiya ba ce," haka take ce musu. "Tana da dangi. In ka iya rubuta gari, to ka iya fari, ka iya bari, ka iya tari. Kan kawai za ka canza, jikin yana nan." Sai sun ƙware a Hausa take shiga da su Turanci, can ma gida-gida take bi da su.

'Yata Jummala, wadda a makaranta aka ce kanta ba ya ja, a kan bencin nan ta iya karatu. Ni kaina ban yi boko ba. Daga kan keken na riƙa tsintar abin da ke faɗowa, har na iya rubuta sunan mai ɗinki a jikin ledar kayanta.

Ni da Baffa muka kai ta asibiti a adaidaita sahu. Likita ya ce hawan jini ne ya shanye mata ɓarin jiki. Da aka sallamo ta, sai muka gane ba hannu da ƙafa kaɗai ciwon ya ɗauke ba. Turancinta ya tafi, Ibo ma ya tafi. Hausa ce ta rage, ita ma guntu-guntu. Matan cocinsu suna zuwa su yi mata addu'a su yi magana da yarensu, ita dai sai kallo.

Ranar da ta dawo, ina gyara mata matashi ta ce, "Uwa."

Na zaci mahaifiyarta take kira. Na ce, "Sannu, Malama. Allah ya ba ki lafiya."

Ta girgiza kai. "Uwa. Kuwa." Ta runtse ido tana nema, jijiyar wuyanta ta tashi. "Zuwa."

Na tsaya. Na san wannan bin layin, shekara da shekaru ina jin sa.

"Ruwa?" na ce.

Ta saki numfashi. Na ba ta a cokali, rabi yana shiga rabi yana bin haɓarta. Daga ranar haka muke magana. Kalmar da take so ba ta zuwa, sai 'yan'uwanta su zo. Ni kuma in bi dangin ɗaya bayan ɗaya, in na faɗa kan wadda take nufi sai ta matse mini yatsa.

Ɗanta Chimezie ya iso daga garin Aba, can kudu. Shi kaɗai gare ta. Tun yana ɗan firamare, lokacin wani rikici da aka yi a garin nan, ta sa shi a mota ta tura shi wurin ƙanin ubansa, ita ta zauna. Can ya girma, Hausarsa ta yi tsatsa. Ya shigo da jaka a kafaɗa, ya durƙusa a gaban gadon ya kama hannunta da ƙarfi, yana ta magana da Ibo. Ba ta gane ba. Ya koma Turanci. Nan ma shiru. Sannan ya lalubo Hausa.

"Mama, ni ne. Na zo. Zan kai ki gida."

Ta yamutsa fuska. "Tafi," ta ce.

Ya kalle ni, ya kalle ta.

"Tafi. Tafi."

Ya saki hannun ya miƙe a hankali. "Haka ta ce wancan lokacin ma," ya ce da ni. "A tasha." Ya ɗauki jakarsa.

"Tsaya tukuna," na ce masa. Na zauna a bakin gadon. "Malama, rafi? Kafi? Zafi?"

Ta matse mini yatsa.

"Zafi take nufi. Ka riƙe mata hannun da ke ciwo."

Ya ajiye jakar. Ya fita tsakar gida ya tsaya a bakin famfo, ya daɗe yana wanke fuskar da ba ta da datti.

Maganar tafiya ba ta mutu ba. Dangin ubansa suna ta bugo waya, a kawo ta gida tun da sauran numfashi. Har ya je tasha ya tambayo mota. Da ya dawo ya ce in tambaye ta.

"Malama, yana so ya kai ki Aba. Za ki?"

"Fari," ta ce. "Gari. Ba…" Ta ciji leɓe. "Bari."

"Bari? A bar ki a nan?"

Ta matse yatsana har sai da na ji ƙashi. Chimezie ya gani da idonsa. Ya kashe wayarsa ya sa a aljihu.

Ya shimfiɗa tabarma a ɗakinta ya zauna jinya. Shi ke juya ta, shi ke wanke zanin gado. In ta yi barci sai ya zo ƙofar ɗakina, mutum mai gemu da 'ya'ya, ya ce, "Maman Jummala, koya mini na gaba." In faɗa masa dangin kai da rai da mai, ya riƙa maimaitawa yana lanƙwasa yatsu. Bai yi sauri ba, amma ya kai ga yana gane ruwa da zafi da sanyi ba tare da an kira ni ba.

Ranar wata Talata da hantsi ya kira ni. Tana kallonsa, idonta a buɗe sosai, ba kamar kwanakin baya ba.

"Rana," ta ce. "Kwana."

"Tun ɗazu take faɗa," in ji shi. "Na buɗe taga, ba shi ba ne."

Na kama yatsanta. "Magana? Bana? Gana? Zana?"

Ba ta matse ba. Ba ta ma kalle ni ba. Ta sake cewa "rana", muryar can ƙasa, sai gajiya ta kama ta ta lumshe ido. Na ce a bar ta ta huta, na koma kan wanke-wanke.

Ina cuɗa tukunya kalmar ta faɗo mini. Na taso da kumfa a hannu na ɗaga labulen. Na tarar da shi a tsugune, ya ɗora kunnensa a ƙirjinta. Ya ɗago ya girgiza kai.

Na yi salati. Na gyara mata zani, na rufe mata ƙafa. Sannan na ce masa, "Ina jin ɗana take so ta ce."

"Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba. Amma kai take kallo."

Ya zauna a ƙasa ya jingina da ƙafar gadon.

Gawa kam ba a tambaye ta ba. Dangi suka ce can gida kusa da mijinta za a binne ta, kuma bai yi musu ba. Ranar Juma'a da safe wata farar bas ta zo, aka cire kujerun baya aka sa akwatin. Matan coci suna waƙa a hankali, Baffa da mazan layin suka taya ɗauka. Chimezie ya shiga baya ya zauna a gefen akwatin.

Na sa mayafi na bi su a ƙafa, niyyata in tsaya a bakin titi. Amma a mahaɗar Bata hanya ta cushe, motar tana tafiya taku-taku tsakanin 'yan dako da masu tura kaya a baro. Sai na ci gaba da bin ta a gefe, tafin hannuna a jikin ƙarfen da rana ta fara gasawa. Haka muka tafi har hanya ta buɗe, direban ya taka, motar ta zame daga ƙarƙashin hannuna.