Ganyen da Tsutsa Ta Ɗanɗana

Mai zane yana kan tsani yana shafa wa tumatir na ƙarshe jan fenti, sai ga yayarsa ta shigo rumfar tela da kwandon kayan lambu a ka. Ta dire shi, ta ƙare wa bangon kallo.

"Auta, wannan gonar waye?"

"Taki mana, Yaya."

"Tawa? Ni tunda nake ban taɓa tono karas miƙaƙƙe haka ba."

Shi ne ya kawo shawarar. Yaya takin dabbobi take zuba wa 'yar gonarta, ba ta feshi, don haka ganyenta duk huji ne, wani karas ɗin ma har da ƙafa biyu. A kasuwa sai a ɗaga a ajiye. Ta gaji da komawa gida da kaya, har ta ce in wannan karon ma ba a saya ba za ta yi feshi kamar kowa, alhali feshin ne ya bar mijinta da tarin da ya ƙi jin magani. Auta ya ce ta dafa, a tara mutanen layi su ci, shi kuma ya zana gonar a bangon rumfar tela.

Amma hannu ya riga ya saba. Shekara da shekaru yana zana allunan gidajen abinci, inda tumatir ke sheƙi kamar an shafa masa mai. Bawan Allah bai ma san ya gyara wa Yaya kayanta ba.

Da rana ta yi, mutane suka cika bencuna. Matar tela ta dubi bango, ta dubi kwando, ta yi irin raɗar nan da kowa ke ji: "Masu kyan an sayar ke nan, mu aka dafa wa ragowa."

Yaya ba ta ɗago ba, ta ci gaba da zuba abinci. Kunya ta lulluɓe Auta, tausayinta ya kama shi. Ya ajiye kwanonsa, ya zaro ganye ɗaya daga kwandon, ya koma kan tsani. Yana kallon na hannunsa yana huda na bango. Ya lanƙwasa karas, ya ɗiga wa tumatir tabo.

"Kai, ɓata shi kake yi!" in ji tela.

"Gyara nake, Baba. Ku ci kada abincin ya huce."

Suka ci suna dariya, wannan ya ce a ƙara wa karas ƙafa, wancan ya ce an manta tsutsar. Matar tela ta miƙa kwano a ƙaro mata, kamar ba ita ta yi maganar ba.

Mai shagon maganin feshi ma ya zo, ya cinye nasa a ƙarshen benci. Da Yaya ta zo kwashe kwanuka, Auta daga saman tsani ya ji mutumin ya rage murya yana yi mata magana.

"Maganin da kika ce in ajiye miki ya iso."

"Na ji."

Mai shagon ya sosa ƙeya. "Sai dai kafin ki fesa, a riƙa ɗebar min ganyen nan. Na gida ne, yara za su ci."

Yaya ta ɗora kwanonsa a kan sauran.

"Za a kawo maka. Maganin kuwa, mayar da shi kan kantar shagonka."