Tsagar Da Tayyiba Ta Bari

Ulun da ya rage wa Tayyiba dunƙule ɗaya ne, shuɗi mai duhu, bai fi girman lemun zaƙi ba. Ragowar kayan jarirai ne da take saƙa wa masu shirin suna. Duk mai neman sauƙi hula zai yi da shi ya huta, amma Tayyiba ta ce abin wuya za ta saƙa wa mijinta, kuma ita in ta ƙudurta abu, sai dai ka koma gefe ka zuba ido.

Tana da hujja. Khamis acaɓa yake yi. Tun da suka baro Zariya suka kama haya a Suleja, ana idar da sallar asuba yake fita kwasar ma'aikatan Abuja zuwa tasha, iskar damina tana dukan ƙirjinsa. Tari ya kama shi, irin mai tasowa daga can ƙasa. In yana yi, har cikin haƙarƙarinta take ji.

Sau uku tana farawa tana warwarewa. Ta yi shi da faɗi, ta ga zaren zai ƙare bai zagaye wuyan kaza ba. Ta rage, har yanzu bai isa a naɗa sau biyu ba. Ana nan dabara ta faɗo mata. Ta saƙa shi faɗin tafin hannu, gajere, kusa da ƙarshe ta raba saƙar gida biyu ta sake haɗewa, aka sami 'yar tsaga. Sai a zura ɗaya bakin ta ciki a ja, ya kama kansa, babu ƙulli babu naɗi. Ta matse tsagar sosai don kada iska ta kwance shi a kan mashin. Da ta gama, zaren da ya saura bai kai tsawon yatsa ba, kuma ta ji daɗin kanta ƙwarai.

"Baban Jannatu, miƙo wuyan."

Khamis ya miƙa yana dariya. "Wannan ai na 'yan gayun Abuja ne. Fasinja za su ce na fi ƙarfin su ba ni ɗari biyu."

"Su ce. Ni dai tarin nan ya ƙyale mu."

Kwana huɗu yana sawa. Ranar ta biyar ya ɗauke ta da safe, ana yayyafi, za ta kai wa wata mai jego kayan saƙa a wajen Bagama. Jakarta na kan cinya, tsinkayen saƙa da almakashi a ciki. Don ya kauce wa cunkoso ya bi wata hanya ta bayan gidajen da ba a gama ginawa ba. Jelar abin wuyan tana kaɗawa a kafaɗarsa.

Wani mashin ya biyo su, mutum biyu a kai. Ya matso har gwiwa na gugar gwiwa. Na bayan, wani dogo da adda a hannun hagu, ya miƙo dama ya cafki jelar nan ya fizga.

Kan Khamis ya karye baya. Mashin ya kwanta da su cikin taɓo, Tayyiba ta ji fatar gwiwar hannunta ta tafi. Kafin ta miƙe, dogon ya dira, ya naɗe jelar a dunƙulensa, ya taka kafaɗar Khamis yana ja.

"Saki mashin, oga! Saki, ko in yanka ka!"

Khamis bai saki ba. Mashin ɗin nan shi ne tuwonsu, ya rungume kan mashin ɗin da hannu biyu. Dogon ya ƙara ja. A lokacin Tayyiba ta ga abin da hannunta ya yi. Duk jan da aka yi sai tsagar ta haɗiye, ba ta mayarwa. Saƙar ta shige cikin naman wuyansa. Bakinsa a buɗe, harshe a waje, ko tarin ma ya kasa fita.

"Ka bar masu! Baban Jannatu, ka bar masu!"

Ta faɗa kan dogon ta kafa masa haƙori a damtse. Ya maka mata gefen adda a kunne, duniya ta yi mata ɗif, ta zube a kan jakarta. Hannunta ya ci karo da almakashi. Ba ta tsaya shawara da kowa ba, ta tashi ta luma shi a bayan hannun da ke riƙe da jelar, har ta ji ƙarfe ya taɓa ƙashi. Mutumin ya kurma ihu, ya saki, ya haure ta a ciki. Na biyun ya riga ya ɓamɓare yatsun Khamis daga mashin, don ƙarfinsu ya ƙare. Suka tayar da mashinan biyu suka tafi, dogon yana zagi, jini na bin gwiwar hannunsa.

Ko kallonsu ba ta yi ba. Ta rarrafa wurin mijinta. An saki jela, amma abin wuyan bai saki ba. Ulun ya sha ruwa ya kumbura, tsagar da ta matse da kanta ta cije. Ta sa farce, farcen ya karye. Ta sa haƙori, ta ji ɗanɗanon taɓo. Idanun Khamis sun firfito sun yi ja, dugadugansa na shurin ƙasa, shurin yana raguwa. Tsoro irin wanda ba ta taɓa sani ba ya kama ta.

"Ya Allah, kada Ka sa ni ce. Kada Ka sa ni ce."

Ta lalubo almakashin cikin taɓo. Babu wurin zura shi, sai da ta danna bakinsa tsakanin saƙa da fata, ta yanki mijinta a ƙarƙashin kunne, jini ya tsartu mata a yatsu. Ta datsa. Ulu jiƙaƙƙe ba ya yankuwa da daɗi, almakashin taunarsa kawai yake yi. Ta datsa, ta sake datsawa, tana kuka tana tsine wa ƙarfin saƙarta. Zaren ƙarshe ya tsinke.

Bai numfasa ba. Ta girgiza shi, ta doki ƙirjinsa da dunƙule. Sai ya ja wani numfashi mai ƙara, ya juya gefe ya fashe da tari, tarin nan dai da ta tsana. Ta zauna daɓas tana saurarensa, tana cewa alhamdulillahi.

Mutane sun fara fitowa, wani na kiran a kawo mota. Khamis ya motsa leɓe, murya ba ta fito ba. Ta tallafo kansa, ta sa bakin mayafinta tana goge masa taɓo da jini don ta ga zurfin yankan. Ƙarƙashin taɓon, wuyansa ya yi shaida ja zagaye. Saƙarta ce kwance a fatarsa, layi bayan layi, har wurin da ta kuskure idon saƙa ɗaya ta ce ba wanda zai lura. Ta goga, ta sake gogawa, shaidar ba ta fita ba.