Harsashin Da Ya Shiga A Kwance

Saura kwana huɗu a buɗe farautar elk, wani ƙaton naman daji dangin barewa, kuma bana ne karo na farko da sunana ya fito a ƙuri'ar lasisi. Da sassafe ni da kakana Verlin muka kafa takardar gwajin saiti a jikin damin ciyawa, bayan garke. Sanyin Montana ya daskarar da ruwan kwatarniyar shanu. Na harba harsashi uku da bindigarsa, muka taka yadi ɗari muka duba.

Ramukan ba zagayayyu ba ne. Dogaye ne, kamar ramin makulli.

"Tamsin, rawar hannu kika yi," in ji Kaka. "Ke da ko kyankyaso ya gifta sai kin yar da littafi."

"Kaka, rawar hannu ba ta sa harsashi ya shiga a kwance."

"A Yuli da kaina na gwada harsasan nan. Uku, rami ɗaya!"

Gaskiyarsa ne, ina wurin. Ni ce ma na nace a sayi masu nauyin, don elk ya kusa doki girma, kuma ina tsoron in raunata shi ya shige daji ya mutu a wahale. Na kasa cin kwan da aka soya. Na zauna, na tashi, na leƙa takardar, na sake leƙawa.

Kafin azahar muna shagon Baba Hoyt mai gyaran bindiga. Ya zura sandar gogewa a bututun bindigar, ya manna tef a gindinta, yana turawa a hankali har tef ɗin ya juya sau ɗaya. Ya auna.

"Inci sha biyu kafin murɗin cikin bututun ya zagaya sau ɗaya."

"Goma ne, makaho," in ji Kaka. "Shekara arba'in ina riƙe da ita."

"Shekara arba'in kana riƙe da matarka ma, ka san lambar takalminta?" Ya juyo gare ni. "'Yata, dogon harsashi sai an murza shi da sauri yake tsayuwa. Murɗin nan malalaci ne. Da zafi iska sakayau take, ya lallaɓa ya wuce. Yanzu sanyi ya sa ta yi kauri, shi ne yake tuntsurawa. Wa ke gwajin farautar sanyi cikin rigar shan iska, in ba tsohon nan ba?"

"A sake bututu fa?" na ce.

"Sati shida."

Kaka ya ce in harba hakanan, a kwance ma harsashi harsashi ne. Na ce a'a. Baba Hoyt ya jawo kwalin gajerun harsasai masu dunƙulallen kai. Ya ce waɗannan za su tafi sak, amma in nisan ya wuce yadi ɗari biyu, in ɗauke yatsana.

Ranar Asabar muka hango wani elk a gefen kwari, ƙaho kamar busasshen reshe. Na auna: yadi ɗari uku da goma. Muka ja ciki cikin ƙanƙara, gwiwar Kaka na ƙara. Ɗari biyu da saba'in. Sai ya ɗaga kai, ya shinshina iska.

"Yanzu, amarya," Kaka ya raɗa. "Yanzu ko ki ci wake duk sanyin bana."

Ina ganin kafaɗarsa cikin madubin bindiga, cif. Na janye yatsana. Ya juya, ya shige cikin itatuwa, ba ko gaggawa.

Kaka ya bi shi da ido har ya ɓace. Can ya miƙo hannu.

"To, tashe ni. Kin kwantar da tsoho a ƙanƙara a banza."